Nonon Dije Ba Shi Da Rasit

Zuwa ga Mai Girma Ɗan Majalisar da ya gabatar da ƙudirin biyan diyya ga gidaje da masu ƙananan sana'o'i idan an ɗauke masu wuta ko ruwa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ranka ya daɗe, sunana Rabi, mai fura ce ni a nan Kankiya. Da firiza ɗaya nake riƙe da gida tun rasuwar maigidana: in dama fura da nono, in ɗura a robobi, in sanyaya, masu shaguna su ɗauka. Nonon kuwa Dije ke kawo mani, wata Bafulatana daga rugarsu ta wajen Dudunni, shekara da shekaru. Ranar da na ji labarin ƙudirinka a rediyo ina cikin dakan gero, sai da na aje taɓarya na rangaɗa guɗa, har maƙwabciyata ta leƙo ta ji ko haihuwa aka yi.

Na farko, ga abin da ya same ni. A azumin bara, lokacin da kowa ke neman abu mai sanyi na buɗa-baki, na cika firiza maƙil da nono ƙwarya shida da furar kwana biyu. Da hantsi aka ɗauke wuta. Na ɗauka za a maido kafin la'asar. Kwana tara ba a maido ba, wai taransifoma ta ƙone, kuma ba wanda ya zo ya ce mana ko sannu. A kwana na uku na buɗe firiza, robobi sun kumbura, wari ya kore ni daga ɗakin.

Na juye abin cikin bokiti, na hau babur da shi har ofishin masu wuta. Ma'aikacin da na iske ya toshe hanci, ya ce sai haƙuri, abin daga Allah ne. Na ce mashi na yarda da ƙaddara, amma takardar kuɗin wuta da ake kawo mani duk ƙarshen wata ba daga sama take faɗowa ba. Aka kwashe da dariya, wani ya laƙaba mani suna Hajiya Mai Bokiti, sunan ya bi ni har kasuwa.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne dole na ce wa Dije ta dakata. Saniya ba ta jiran wuta, kullum sai an tatse ta. In ka mai da mai nono sau biyu da ƙwaryarta, wata mai saye za ta nema, kuma ba ta yi laifi ba. Dije ta koma kai wa wata mata a Kusada. Ranar na yi kuka, don na san firiza ba nono akwati ce kawai.

Na biyu, godiya. Maganar da na faɗa da bokiti a hannu ana yi mani dariya, yau ita ake karantawa a zauren majalisa: wanda ya karɓi kuɗin wuta bai ba da wuta ba, ya biya ɓarnar da ya jawo. Ashe ba hauka nake yi ba. Masu walda da teloli da masu injin niƙa da suka riƙa tsokanata, yanzu su ke tare ni a hanya suna tambayar ina aka kwana. Sunan nan ma yanzu da murna nake amsa shi.

Na uku, gyara, kuma don shi na rubuto. Na ji an ce sai mutum ya kawo rasit na kayan da suka lalace, da lambar mita. Ranka ya daɗe, nonon Dije ba shi da rasit. Ƙwarya take saukewa, in ɗanɗana da ludayi, mu yi ciniki da baki. Gero da tiya ake auna mani. Mita kuwa yawancinmu ba mu da ita, ƙiyasi ake yi mana. In aka bar wannan sharaɗi, masu manyan kantuna za su ci moriyar dokar, mu da aka yi ta dominmu mu tsaya a bakin ƙofa.

Don haka ina roƙo a karɓi shaidar mai unguwa da maƙwabta biyu a madadin rasit. A buɗe wurin kai ƙorafi a nan Kankiya da Kusada, kada sai mun je Katsina kuɗin mota ya fi diyyar. Kuma in za a daɗe ba wuta, a sanar da mu da wuri, mu san nonon da za mu karɓa.

Na san ƙudirin bai zama doka ba tukuna, amma ni na riga na dogara da shi. Na aika wa Dije cewa ta dawo, kuma ran Juma'ar nan ta sauke mani ƙwarya biyu a tsakar gida, muka rungume juna kamar 'yan'uwa. Ba na son in sake ce mata ta dakata.

Allah ya ƙara maka lafiya da ƙarfin gwiwa, ya sa a sanya hannu muna raye, ya saka maka da alheri. Bokitin na wanke na kife bayan ɗaki, amma ban yar ba. In ƙudirin ya yi barci a majalisa, na riga na tambayi hanyar zuwa can.

Wassalam, taka mai godiya,
Rabi, Hajiya Mai Bokiti, Kankiya.