Tsakuwa Ashirin da Uku a Ƙoƙon Farfaru

Magama, Jibiya,
Ranar Talata.

Zuwa ga ƙanena Kalilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta iske ka lafiya a Fatakwal, kai da Safara'u da yara duka. Allah ya sassauta maka ciwon gwiwar nan, ya ƙara rufin asiri, ya sa mu gama da duniya lafiya. Mu nan sai godiya. Mai ɗakina Barira ta samu sauƙin idon tun da aka ɗiga mata magani a Katsina, gero ya fitar da kai a gonar Mazanya, motocin Maraɗi dai sun ragu amma ba a rasa na cefane ba. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san nawa na yaƙi da jahilci ne, wata huɗu aka koya mana a gindin bedi, shi ma bayan na yi furfura.

Kuma ka san dalilin da ya sa nawa ya zama haka. Shekara hamsin da bakwai ina haɗiye maganar nan, yau dai zan tofar da ita. Ranar da dagaci ya zo neman yaro ɗaya daga kowane gida don makarantar boko, ni Baba ya cusa cikin rumbu ya rufe, ya ce ba zai ba da mai ƙarfin noma ba. Kai aka miƙa, don kana fama da tari ba ka iya ɗaga fartanya. Ina cikin rumbu ina jin kukanka, har tausayinka na ji, wallahi. To ga shi nan. Mai tari ya zama Alhaji mai fansho da mota, wanda aka ɓoye don ana ji da shi ya ƙare da dakon buhuna a bakin iyaka. Ba ka taɓa cewa komai a kan wannan ba, ko sau ɗaya, ko da wasa. Na bar ka da Allah a kan shirun, ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Abu ɗaya na samu a duniya wanda yake nawa, kai ma ka sani. Shekara talatin da ɗaya ni ke riƙe da lissafin gasar ƙwallon ƙauyukan nan. Ƙoƙuna goma sha biyu, kowace ƙungiya da nata, na ƙona wa kowanne alama da bakin wuƙa. Wanda ya ci wasa in jefa mashi tsakuwa uku, in an yi kunnen doki kowa ɗaya, wanda aka ci ya tafi da haushinsa. Tun ana ba mai nasara maki biyu nake yi, a hannuna aka mayar da ita uku. Direbobin kamiyo, manyan motocin kayan nan, kan tsaya a rumfata kafin su tsaya a duwan wurin 'yan kwastan, su ce Sadisu wa ke sama. Har wani jandarma daga ƙetare ya taɓa aiko da tambaya, don ƙanin matarsa na tsare wa Daddara gida. Ba a taɓa kama ni da kuskuren tsakuwa ɗaya ba. Ka tambayi duk wanda ka ga dama.

Sai ga ɗiyarka Mu'minat ta zo hutu da babbar Sallah. Ɗiyata ce ni ma, ban ƙi ta ba, Allah ya yi mata albarka, ta kawo mani shadda kuma na ɗinka. Amma ta zauna rumfata ta kalli ƙoƙunan ta yi dariya, ta ce Baba Sadisu wannan wahalar ai ta ƙare. Ta kira Badamasi, sakataren kwamitin gasa, ta buɗe kwamfuta. Na zaci hotuna zan gani, ashe wani baƙin allo ne kamar gindin tukunya, sai farin rubutu ƙanana. Ta ce sakamakon wasanni kawai za a riƙa zubawa layi-layi, sauran aikin wasu kalmomi za su yi. Ta kira sunayensu ina ji. Wata wai girep, ita ke tsince layin da ake so kamar mai tsintar wake. Wata wai auk, sai ka ce kukan hankaka, ita ke tara wa kowace ƙungiya makinta. Wata wai sot, ta jera su daga babba zuwa ƙarami. Ta ƙarshe wai hed, ita ke yanko takwas na sama a buga a takarda. Tsakanin kowace kalma da 'yar'uwarta akwai wata sanda a tsaye, ta ce ita ke miƙa aikin wannan ga waccan. Na ce mata wannan ai mun san shi, haka muke sauke mota, wannan ya miƙa wa wancan, kuma in na farko ya ɗauko buhun da ba shi ba, na ƙarshe ba ya tambaya, sito zai kai shi. Suka yi dariya ita da Badamasi, ta danna, kafin in gyara zama jadawalin ya fito.

Ba zan ɓoye maka ba, Kalilu, abin ya tsaya mani a wuya. Ranar buɗe zagaye na biyu aka ɗauko lasifika, shugaban kwamiti ya yi ta kiran sunanka, wai gidan Alhaji Kalilu ya fitar da Jibiya kunya, wai yanzu mun shiga zamani. Aka yi wa Mu'minat takardar yabo mai ruwan zinariya, kai da ba ka taɓa tsayawa a bakin fili rana ta dake ka ba har tafi aka yi maka, kana can Fatakwal ƙarƙashin fanka. Ina zaune a benci na biyu da buhun ƙoƙunana tsakanin ƙafafu. Ba wanda ya ce Sadisu sannu. Barira ta ce hassada ce ke cina. Na ce mata e, ita ce, ai ba yau ta fara ba, kuma mai hassada ma yana iya ƙirga.

Ban daina jefa tsakuwata ba, ko da babu mai tambaya. Makon jiya aka gama wasannin zagaye, aka manna takarda a jikin ofishin kwamiti. Huɗu na sama ne za su buga wasan kusa da na ƙarshe. Takarda ta ce Mazanya ce ta huɗu da maki ashirin, Farfaru ta shida da goma sha bakwai. Na koma rumfa na juye ƙoƙon Farfaru a tabarma. Ashirin da uku. Na ƙirga sau uku, na sa Barira ta ƙirga da idonta mai lafiya. Ashirin da uku. Mutanen Farfaru sun je sun yi ƙorafi, aka ce masu na'ura ba ta da ƙauye ba ta da dangi. Suka ce a kira ni shaida, shugaba ya ce tsakuwa ba ta shiga ofis.

Kwana biyu ina juya abin. Maki shida ne suka ɓata, wato nasara biyu. Sai na tuna wasanni biyu da Farfaru ta ci a watan da Badamasi ya tafi jinyar mahaifiyarsa Katsina, kuma wanda ya riƙe mashi rubutu a lokacin shi ne Mudathir, alƙalin wasan nan da ya yi lakwal, bokon Faransa, a Maraɗi. Na tare su bayan la'asar a ƙofar masallaci, na ba kowa tsinke na ce ya rubuta mani Farfaru a ƙasa. Na Badamasi harafi bakwai. Na Mudathir takwas, ya saƙala wani zagayayye kamar ƙwan zabo kafin na ƙarshe, irin rubutun Faransanci. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Hankakar nan ta ɗiyarka ta ga suna biyu ta zaci ƙungiya biyu ce, ta ba ɗaya goma sha bakwai ta ba ɗaya shida. Mai shidan ta faɗa can ƙasa, mai yanko takwas na sama ta datse ta, shi ya sa ba wanda ya ga ƙungiya goma sha uku a gasar ƙungiya goma sha biyu. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, buhun da aka miƙa mata ta kai sito. Badamasi ya ce shi dannawa kawai aka koya mashi, ba zai taɓa komai ba, kuma shugaba ya ce ba za a sake takarda ba sai wadda ta rubuta kalmomin ta faɗa da bakinta cewa akwai gyara.

Yanzu ka duba inda nake. In aka gyara, Farfaru ta hau, Mazanya ta faɗo ta biyar. Mazanya, Kalilu, inda aka binne cibiyarmu ni da kai. Ni na saya masu ƙwallon farko da kuɗin dako, kuma shekara tara rabonsu da kai wannan matsayi. Tun da maganar ta fita, na je ɗaurin aure can ranar Asabar, mutum uku suka janye hannu da na miƙa nawa. Wai baƙin cikin ɗiyar ƙanena ya sa zan kashe wa garinmu kofi. Ko Barira da ƙyar take ajiye mani tuwo. To su faɗi abin da suka so. Ina son Mazanya ta ci, har ga Allah, amma ban taɓa ɗebe tsakuwa daga ƙoƙon wani na zuba a namu ba, kuma ba zan fara da tsufa ba don an buga abin a takarda.

Sau uku na kira ka. Na farko ka ce in huta, in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take. Na biyu ka tambaye ni idon Barira. Na uku Safara'u ta ɗauka ta ce kana barci, da hantsi. Mu'minat kuwa ba ni da lambarta, Badamasi ya ce ba shi da izinin bayarwa, ni da aka yanka ragon sunanta a gabana. Shi ya sa na rubuta, zan ba direban da ke kai albasa can, jibi in Allah ya yarda tana hannunka. An sa wasan ranar Lahadi ta sama, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka gaishe da Safara'u da kyau, ka gaishe da Zunnuraini da amaryarsa, da Mufida, a ce mata na ji labarin jarrabawa, Allah ya ƙara basira. Barira na gaishe ku, Zaituna ma ta aiko da gaisuwa daga Daddara. Mu'minat kuma a gaishe ta daban, sannan a miƙa mata takardar nan ta karanta da kanta, kada ka taƙaita mata. Ban ce a kira sunana a lasifika ba, wannan ya wuce. Ta buɗe baƙin allon nan, ta nemo Farfaru mai ƙwan zabo, ta haɗa ta da ɗayar, ta kira shugaba kafin Juma'a. Sannan kai, ba ita ba, ka kira ni ka faɗa mani adadin da ya fito. In goma sha bakwai ne, zan fasa ƙoƙunan nan a gaban ofishin kwamiti kowa na kallo. In ashirin da uku ne, ina so in ji shi daga bakinka. Ka amsa mani, Kalilu. Nawa ne?

Yayanka,
Sadisu Mazanya.