Matatar da Muka Ajiye wa Baƙi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Dije,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke durƙusawa ya miƙa, ina fatan Allah ya yalwata makwancinki ya haskaka shi. Mu nan Dutse muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Garin ya girma har ba za ki gane shi ba. Duwatsun ne kaɗai ba a shafa wa fenti ba, su ma ina jin kwangilar ce ba ta fito ba.

Na san ba a kai wasiƙa inda kike. Na rubuta ne don akwai maganar da na kasa faɗa miki kina da rai. Kin yafe mini kafin ki cika, amma ba ki san abin da kika yafe ba. Yau zan faɗa miki, in ya so ki sake shawara.

Kin tuna bayan an ba mu jiha, aka kwaso mu daga Kano kowa da fayil a hammata, ni aka tura ni wani ƙaramin asibiti can gaba da Kiyawa, in riƙe sito. Ɗakin maza ɗaya, na mata ɗaya, sai randa guda a baranda da moɗa ɗaure da igiya don kada a sace. 'Yan garuwa ke cika ta daga rijiyar bayan kasuwa. Mai tari ya tsoma hannu ya sha, matar da ta gama wanke zanen mai gudawa ita ma ta tsoma. Moɗar dai ba a taɓa sace ta ba, wannan nasara ce da ba za a ƙwace mana ba.

Ana nan sai aka aiko mana da matatar ruwa. Tukwane biyu ne na silba, ɗaya bisa ɗaya, suna walƙiya. A cikin ta sama ake ɗaura wasu fararen duwatsu dogaye masu kama da alli, waɗanda ake kira kyandir. Ruwa na ratsa su yana ɗiga a ta ƙasa, ƙwayoyin cuta su maƙale. A gindi akwai ɗan famfo, ba mai tsoma hannu.

Malam Sule mai gyaran famfo shi aka haɗo da ita. Ya tara mu ya nuna mana komai: duk mako a kwance kyandiran, a goge su da buroshi, ban da sabulu, a tafasa su a mayar. Wanda ya tsage a jefar. Yana ta nanata cewa ita matata kamar saniyar tatsa ce, ranar da ka daina kula ta, ranar take daina kula ka. Muka gyaɗa kai, muka raka shi bakin titi.

Ni na fara cewa a kulle ta, Inna. Ba shugaban asibiti ba, ni. Na ce in aka ajiye ta a baranda, kafin wata ya fita ta lotse, famfon ya yi ƙafa, ranar da manya suka zo daga Dutse duba aiki me za mu nuna musu? Kowa ya yaba hankalina. Na mayar da kyandiran cikin takardarsu, na ɗora matatar a kan kabad ɗin ofishina, na lulluɓe ta da mayafin teburi mai saƙar furanni.

A ina na koyi wannan? A ɗakinki. Kin tuna ƙoran nan naki masu zane da kwanukan jere da kika tara har rufin ɗaki. Na tashi ina kallonsu, ban taɓa shan ko kurɓin nono a ciki ba. Mu sai tsohuwar ƙwarya mai ɗinki. Kullum kina cewa abu mai kyau na baƙo ne, ɗan gida ai gida ya sani. Ba laifi nake ɗora miki ba. Ke ƙwarya kika ajiye, ba ta taɓa kashe kowa ba. Ni da na yi karatu, na karanta har littafin da ya zana ƙwayar kwalara da ɗan wutsiyarta, ni ne na yi wa magani jere.

Ranar da baƙi za su zo, mukan sauko da ita mu goge. Da yake tacewa na da jinkiri, sai mu farke ledojin ruwa mu juye kai tsaye a tukunyar ƙasa. Babban baƙo ya murɗa famfo, ya kurɓa, ya ce lallai kimiyya ta ci gaba. Ya sa hannu a littafin baƙi. Kafin motarsu ta kai kwalta na mayar da mayafi.

Gwaggo Hansai, dattijuwar da ke share ɗakin mata, ita kaɗai ta dame ni. Duk damina sai ta tsaya a ƙofata ta ce, Malam, amaryar nan taka ba ta gama kwanan ɗaki ba ne? Nakan yi dariya in ba ta goro.

Da shekarar shari'a ta zo, kwamiti ya ziyarce mu. Mutanen kirki ne, da niyya mai kyau. Aka raba bencin maza da na mata, aka rataya labule a baranda, aka ƙara tsawon mayafin ma'aikata. Har randar an leƙa. Wani malami a cikinsu ya ɗebo, ya duba, ya sansana, ya ɗanɗana, ya ce launi bai sauya ba, wari bai sauya ba, ɗanɗano bai sauya ba, ruwa mai tsarki ne. Gaskiya ya faɗa, a kan alwala aka tambaye shi. Ni na san akwai abin da ido da hanci da harshe ba sa kamawa, ina tsaye a bayansa da makulli a aljihu, na ce masha Allah.

A daminar da ta biyo baya aka kawo ki. Ƙaya ce ta soke ki a ƙafa wurin turken shanu, ta ƙi warkewa. Likita ya ce kwana biyar a sallame ki. Ranar farko kika ɗingiso ofishina, kika ɗaga mayafin nan kika daɗe kina kallo. Ba ki dube ni ba, ɗan fari ba a dubansa. Bango kika faɗa wa: ashe yaron nan ya iya ajiya. A iya zamana da ke, wannan ne kaɗai yabon da na taɓa ji daga bakinki. Na yini ina murmushi.

A makon ne aka fara kawo masu amai da gudawa daga ƙauyuka. Muka shimfiɗa su ƙarƙashin darbejiya, masu jinyarsu na kai-kawo wurin randa. Na kawo miki ruwan leda daga gida. Kika ce ba za ki sha abin da matar gadon kusa da ke ba ta sha ba, wai ba a yi ki a inda ake ware ƙwarya ba. Ita wata mata ce daga ruga, ta zo haihuwa. Kuka ci gaba da shan na randa da moɗa guda, kuna hirarku da Fulatanci.

Kwana na huɗu aman da gudawar suka kama ku tare. Ita ta riga ki cikawa da yini ɗaya. Ke da hantsi, idonki ya faɗa, muryarki ta zama kamar ta wata, kika ce na yafe maka duniya da lahira. Na buɗe baki in faɗa miki, sai na ce na gode.

Bayan addu'ar uku na aika wa Malam Sule. Ya zo ya zaro kyandiran daga takarda, farare tas, ko ɗigon ruwa ba su taɓa gani ba. Cikin abin da bai kai a dafa shayi ba ya ɗaura su, ya ajiye matatar a baranda. Iya aikin ke nan, Inna. Gwaggo Hansai ta riƙe gogewa da tafasawa duk Asabar har ta yi ritaya. Famfon ba a sace ba. Amma ba ta ƙara tsokanata ba, goro ma ta daina karɓa.

Na tambayi malamai ko yafiyar da aka yi cikin rashin sani tana ci. Wasu sun ce uwa in ta yafe ta yafe. Wasu sun ce kowa da kwanansa, kamar ban sani ba. Babu wanda ya iya gaya mini yadda zan yi da matar rugar nan. Ba ta yafe mini ba, ba ta ma san da ni ba. Danginta sun tashi da shanunsu kafin kaka, da jaririyar da ta bari. Ko sunanta ban riƙe ba. Ke kin san shi.

Inna, na san ba kya sa baki a maganar ɗan fari. Wannan karon ki ajiye kunya. In ana haɗuwa a can, ki nemo ta, ki faɗa mata duk yadda na faɗa miki, kada ki rage don ni. Sannan ki roƙar mini.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan ta, ya raya abin da ta bari. Ya shayar da ku daga tafkin Alkausara, shan da babu ƙishirwa bayansa. Ni kuma ya ba ni abin da zan ce ranar da za a tambaye ni.

Ɗanki,
Buba