Gidan Kwarbai da Sunan Yaya

Zuwa ga Yaya Abdulwahab,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Na rubuto ne saboda duk lokacin da na kira wayar Inna daga nan Jos, kai ko matarka Radiya ke ɗauka. Munira 'yar Kawu ta ce ranar Talata ka kai Inna gaban mai unguwa, ta dangwala yatsa a wata takarda, da shaidu biyu waɗanda ba danginmu ba. Takardar mece ce? Ni ba 'yar gidan ba ce?

Ƙanwarka,
Tayyiba

Zuwa ga Tayyiba,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara.

Kin san wankin ƙodar Inna ya fi ƙarfin albashina. Akwai wata gidauniya da ke ɗaukar nauyin marasa galihu, amma ƙa'idarsu ita ce duk mai gida da sunansa ba ya cikin mabukata. Gidanmu na unguwar Kwarbai kuwa da sunan Inna yake, tun da gadon mahaifinta ne. Shi ya sa aka mayar da shi sunana. A takarda kawai. Ban gaya miki ba don kada maganar ta bazu.

Ki gaya wa Munira ta kama bakinta.

Yayanki,
Abdulwahab

Yaya,

Salamu alaikum. Na gode da bayani, amma hankalina bai kwanta ba.

In a takarda ne kawai, me ya kawo Lado magini yana auna zaure? Me ya sa Radiya ta kwashe kayan ɗakina ta zuba nata? Ba na zarginka, amma mutuwa ba ta sallama. In ka riga mu, 'ya'yanka takarda za su duba. Ina roƙonka ku je wajen Liman, a rubuta cewa gidan amana ne a hannunka, Kawu ya shaida.

Ka gaishe mini da Inna, in za ka isar.

Tayyiba

Tayyiba,

Bayan sallama. Kin ce ba ki zargina, alhali wasiƙarki zargi ce daga farko har ƙarshe.

Zauren shago zan yi, don a samu na motar asibiti. Ɗakinki kuwa, yaushe rabonki da kwana a cikinsa? Maganar Liman ba za ta yiwu ba. Masu gidauniyar suna bin unguwa suna tambaya. Ranar da suka ji akwai wata takarda ta biyu, ranar za su cire sunan Inna. Ni ke ɗaukarta a baya zuwa bakin titi idan ƙafafunta sun kumbura. Ke lissafin gado kike yi tana da rai.

Ki zaɓa: takardarki ko jinyarta.

Allah ya shirye mu.
Abdulwahab

Zuwa ga 'yata Tayyiba,

Ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Munira ce ke rubuta mini.

Mutanen gidauniyar sun zo. Wata mai farin gilashi ta tambaye ni, “Hajiya, gidan wa ne wannan?” Na ce na ɗana ne, ni zaman alfarma nake. Sun karɓe ni. An fara wankin, kumburin ya sauka, har tuwo na ci.

Ki bar yayanki haka. Ban ga ya yi mugun abu ba.

Sai dai jiya da hantsi zan sa a ɗaure mini akuya a gindin bishiyar goba, na ji bakina yana neman izininsa. Ya ce, “Haba Inna, ai gidanki ne.” Radiya tana tsaye da tsintsiya.

Ki zo da sallah, ki zo da shimfiɗarki.

Innarki,
Ummukulsum