Kwamfuta ce ta riƙe layin

Setapak, Kuala Lumpur,
12 ga Yuli, 2001.

Zuwa ga Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Jumai da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu ma lafiya lau. Maigidana Zulkiflu na fama da rubutun digirinsa, 'yarmu Nuriyya kuma ta fara tafiya.

Yaya, haƙuri zan ba ka kan wasiƙar da na aiko watan jiya, wadda na ce kun manta da ni tun da Baba ya rasu. Ranar Lahadi Malam Iro, mai kawo mana kilishi da daddawa daga Kano, ya zo gidan nan. Shi ya gaya mini Asabar huɗu a jere kana ɗaukar Inna a babur zuwa gidan waya, ku yi ta jira, in an buga lambarmu a ce ana magana. Wallahi duk Asabar ɗin nan ina zaune kusa da wayar tun la'asar, kamar yadda muka yi alkawari. Ko ɗaga kanta ba na yi, don tsoron kada kiranku ya shigo daidai lokacin.

Ashe kwamfuta ce. Layi ɗaya gare mu, shi ne na waya, shi ne na intanet. In ta hau, ba kiran da zai shigo. Zulkiflu ya saita ta yadda za ta sauka da kanta in an yi minti goma ba a taɓa ta ba, ni kuma na dogara da haka. Nakan gama neman takardun karatu da hantsi in shiga kicin, fuskarta ta yi baƙi, in ɗauka ta sauka. Malam Iro na fita na ɗaga wayar, sai wata ƙara kamar ana suya. Muka sake saiti, muka canza igiya, Zulkiflu har ya kai modem ɗin wani shagon gyara a unguwar Wangsa Maju, mai shagon ya ce lafiyarsa ƙalau. Sai jiya maƙwabcinmu Abdulgani, mai karatun kwamfuta, ya gano abin. Duk minti biyar takan leƙa ko imel ya zo, shi ya sa ba ta taɓa ganin an bar ta ba. Ni ce kuma na sa ta haka da hannuna, don kada saƙon malamina ya wuce ni. Gyaran bai ci minti ɗaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Malam Iro ya ce a gabansa ka karanta wasiƙata. Inna ta tambaye ka me na ce, ka ninke takardar ka sa a aljihu, ka ce mata, "Tana gaishe ki, karatu ne ya yi mata yawa." Ban cancanci wannan rufin asirin ba, Yaya. Ka yafe mini, ka kuma yaga ta.

Kada ka sake wahalar da Inna a babur. Ka roƙi gidan Alhaji Fatihu su ara mana wayarsu Asabar ta ƙarshen wata, ƙarfe goma na safenku, ni zan kira. Ka bari ni in gaya mata gaskiya da bakina.

A gaishe da Gwaggo, da Kamila, da Ihsan. Zulkiflu yana gaisuwa.

Ƙanwarka,
Hajjo.