Ganyen da Na Ɗauka Rama Ne

Zuwa ga Shugaban gidan rediyon da ke tallan man gyaran sanƙo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe, sunana Sanusi, ɗan kabu-kabu a Dungas. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai wuce aji uku ba. Wata biyu ina haɗiye maganar nan, don ni ma da laifina a ciki.

Na ɗaya. Shekarata ashirin da shida, sanƙo ya cinye rabin kaina. Bayan ƙaramar Salla na ji rediyonku na cewa man ganye ne zalla. Ranar kasuwa na sayi kwalba biyu, dala ɗari uku-uku. Rubutun jikinta Faransanci ne, sai hoton ganye mai yatsu. Na ce rama ce, irin wadda innata ke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli.

Na biyu. Wata uku ina shafawa, ina duba kaina a madubin babur. 'Yan siraran gashi suka fito, ba su kai na jariri ba. Ranar da manjon asibitinmu, wato babban malamin jinya, ya hau bayana a babur, na nuna masa kwalbar. Ya ce wiwi ne. Ya ce masana ba su gama tantance ko sinadarinsa na tsiro da gashi ko hana shi ba, kuma ba wanda ya san abin da aka zuba ciki.

Na uku, nan ne abin kunyar. Kwalba ta biyu baffana na ba, Malam Idi, ladanin ƙauyenmu wajen Yekuwa, don gemunsa ya yi tsilli-tsilli. Ya shafa, ya sa mini albarka, ya yi ta kiran salla da shi. Da magana ta fasu, 'yan majalisa suka sa masa Ladan Mai Ganye. Tun ranar bai sake ɗaukar lasifika ba. Bai zage ni ba, wallahi da zagin ya fi mini sauƙi.

Ina roƙo ku daina tallan nan sai kun faɗi sunan ganyen da Hausa. Kuma ku sanar, a lokacin da kuka saba sa tallan, cewa waɗanda suka shafa ba su sani ba. Baffa yana sauraren rediyonku, maƙwabtansa ma haka. In har sai an kama sunan wani, a kama nawa.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare ka da kunyata babba.

Wassalam.

Sanusi, Dungas