Wanda Bai Tashi Ya Gaida Jama'a Ba

Kuala Kangsar, 4 ga Maris, 1956

Zuwa ga Encik Kulup Daud, ɗan wasa, Singapura.

Assalamu alaikum. Ina neman afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka alhali ba ka san ni ba. Sunana Sapiah, ina aji huɗu a sakandaren 'yan mata.

Ran Asabar malamarmu ta kai mu silima. Kai ne mugun wazirin da aka soke. Fuskarka ce a hoton mahaifina, wanda ya rasu ina jaririya.

Mak, mahaifiyata, ta ce ɗan wasan dandali ne. Kullum a kashe shi, ana sauke labule ya tashi ya gaida jama'a. Da ya tafi Singapura yin fim, ta je silima a garin Ipoh ta kalla. Aka soke shi, ta zauna jiran ya tashi har aka fara shara. Bai tashi ba. Sai yaƙin Japan ya zo, wasiƙu suka yanke, aka yi masa sadaka. Daga baya ta auri Pak Itam, ƙannena uku.

Na kasa ganewa. Ko kana da ɗan'uwa mai kama da kai?

Cikin ladabi,
Sapiah

Singapura, 19 ga Maris

Wa alaikumus salam, 'yar makaranta.

Ba ni da ɗan'uwa. Wannan mummunar fuska guda ɗaya Allah ya yi. Na mutu ya fi sau sittin, da wuƙa, da guba, sau ɗaya ma kada ne ya cinye ni. Shekara talatin ban taɓa ganin ƙarshen labari da raina ba.

Bayan yaƙi na zo ƙauyenku. Tsohuwar nan mai ayaba ta bakin gada ta gan ni, ta watsar da tire ta ruga tana salati. Na hango uwarki tana shanya da jariri a hannu, wani mutum yana gyara mata rufi. A wasanmu wanda ya faɗi ba ya motsi, ko da sauro na cizonsa. Na koma tasha.

Kada ki gaya mata. Aji huɗu kika ce? Tsawonki ya kai ina?

Allah ya yi albarka,
Kulup

Kuala Kangsar, 2 ga Afrilu

Assalamu alaikum.

Na ɗara Mak tsawo kaɗan.

Na tambayi malamin addini, kamar don jarrabawa, matsayin auren matar da mijinta na fari ya bayyana. Ya ce, "Wace irin tambaya ce wannan, Sapiah? Koma ki zauna."

Jiya aka yi sadakarka ta shekara. Pak Itam ne ya yanka kazar. Ni na kankare kwakwa, na ci shinkafar, na ce amin tare da kowa. Mak ta yi kuka. Ban san ko na yi zunubi ba. Ban kuma san da wane suna zan kira ka ba, shi ya sa na bar saman takardar fili.

Ban gaya mata ba tukuna. Ka yi min izini in sake rubutowa?

Sapiah