Turancin Baba Ba Na Aljani Ba Ne

Tarauni, Kano
Yuni, 1999

Zuwa ga Yayana Mu'azu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Safiyyah da yara. Yaya aiki, yaya kuma ruwan saman Fatakwal da kake cewa ba ya gajiya? Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku a garin mutane, amin. Mu nan sai godiya. Maigidana Lawan yana ta fama da ofis, 'yarmu Nana Khadija ta fara tafiya, duk abin da ta tsinta a ƙasa sai ya shiga bakinta. Gari kuwa ya cika da hayaniya, tun da sojoji suka koma bariki kowane mai shayi ya zama ɗan siyasa, rediyo kullum cewa take yanzu bakin kowa a buɗe yake. Amma ba labarin gari ne ya sa na ɗauki biro ba.

Yaya, maganar Baba ce, kuma ka yi haƙuri ba mai daɗi ba ce. Saƙon da ƙaninsa Baffa Isyaku ya aiko maka cewa jiki da sauƙi, wallahi ba haka ba ne. Ka san ya faɗi wajen alwala, aka kai shi asibiti, likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Abin da ba a gaya maka ba shi ne, da ya farfaɗo Hausa ta ɓace masa ƙaf. Ko sunan Inna ba ya iya kamawa. Sai Turanci ke fita daga bakinsa, guntu-guntu, da ƙarfi kamar yana gaban aji. Likitan ya ce ana samun irin haka, maganinsa kuwa a riƙa zama da shi ana yi masa hira, a fito da shi cikin mutane, in aka yi sake harshen zai daskare gaba ɗaya. Ina tsaye aka faɗi wannan, Baffa ma yana tsaye.

Muna dawowa Gyadi-Gyadi labari ya sha bamban. Masu zuwa dubiya suka fara ƙus-ƙus, Baffa ya ɗauko wani malami daga ƙauye, ya dubi Baba sau ɗaya ya ce aljani ne Bature ya shige shi. Hujjarsa wai ina aka taɓa ganin dattijo Musulmi ya manta sunan matarsa amma yana yaren Nasara. Haba jama'a! Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci, rabin ma'aikatan unguwar nan sun bi ta hannunsa, yau shi ne sai aljani ya ara masa? Rashin sani dai ya fi dare duhu. Aka mayar da shi ɗakin ƙurya, aka toshe taga da tabarma, safe da yamma hayaƙi da rubutu. Abokansa na majalisar ƙofar gida da tsofaffin ɗalibansa, kowa ya zo sai a tare shi a zaure a ce barci yake. In ya ɗaga murya kuwa, an umarci Inna ta ƙure rediyo don kada maƙwabta su ji, wai abin kunya ne.

Ban sani ba ko kana tuna darasin da yake zaunar da mu a tsakar gida ya yi mana, don kai a lokacin gyangyaɗi ne aikinka, ni ke zungurinka. Yakan ce Turawa sun raba kuka kashi-kashi. Shout ɗaga murya ne da gangan don na nesa ya ji. Exclaim kuwa shi ne wanda ke kuɓuce wa mutum ba shiri, kamar ka taka garwashi ka ce wayyo. Amma cry out kukan neman agaji ne, mai yinsa amsa yake jira. Daga nan sai ya koma kan exclude, ya ce a ware mutum ne daga abin da yake da haƙƙi a cikinsa, ɗan'uwansa kuma shut out, wato ba korar ka aka yi ba, kana ji kana gani aka ja ƙofa aka bar ka. Yaya, waɗannan kalmomin su ne fa Baba yake kira daga ɗakin nan. Ranar da aka yi taron dangi a kansa, a tsakar gidansa, ba tare da shi ba, yana ta dukan ƙyaure da hannun hagu yana maimaita shut out, shut out, har muryarsa ta dushe. Malamin yana ta kaɗa kai yana cewa ku ji, aljanin ya fara jin wuta. Ni kuwa na san abin da yake faɗi.

Washegari da Baffa ya tafi kasuwa na shiga wurinsa. Na tattaro ɗan Turancin da ya rage mini, duk ya yi tsatsa, na tambaye shi me yake so. Wallahi Yaya, sai ga hawaye. Ya riƙe wuyan hannuna, ya nuna ƙofa, ya ce mini da Turanci waje yake so. Ni da Lawan muka ɗora shi a kujera muka kai shi bakin zaure. Ya zauna yana kallon 'yan acaɓa da yara 'yan makaranta suna wucewa, masu gaisuwa suna durƙusawa yana ɗaga musu hannu. Ranar har tuwo ya ci da kansa. Baffa ya dawo ya tarar da mu, ya hau faɗa kamar zai ari baki, ya ce ni ce ke ciyar da aljanin tun da ina amsa masa da yarensa. Ka san bakina ba ya shiru, na ce masa in dai Turanci aljani ne to duk wanda ke ofishin gwamnati sai a yi masa hayaƙi. Ya ce ba ni da kunya, kuma mace mai gidan wani ba ta da ta cewa a gidan nan. Ya sa wa ɗakin kwaɗo, mukullin yana aljihunsa, sai lokacin abinci da gyara yake buɗewa. Inna kuka kawai take yi. Kada ka ga laifinta, tsoro ne ya cika ta, an gaya mata in ta saɓa umarnin, aljanin kanta zai koma.

Yanzu ga inda aka kwana. Baffa ya yanke cewa bayan Maulidi za a kai Baba ƙauyen malamin don a ƙarasa aiki, kuma na bincika, wurin nan har mari ake sa wa marasa lafiya. Mutumin da ɓarin jikinsa ba ya motsi, ina za shi da za a ɗaure shi? Abin da ya fi tayar mini da hankali kuma, Baba ya daina kiran. Gidan tsit. Malamin ya ce aljanin ya karaya, Baffa ya sa Inna ta soya waina aka yi sadakar godiya, mata suna ta shigowa barka. Jiya na zagaya ta lungu, na ɗaga gefen tabarmar tagar, na kira shi, na yi masa Turancin da ya sa shi kuka rannan. Idonsa biyu. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya mayar da fuskarsa bango. Kowa murna yake ya samu sauƙi, ni kuwa na san gajiya ya yi da kiran da ba a amsawa, kuma ina tsoron abin da likita ya faɗa ne ya fara tabbata.

Don haka, Yaya, don girman Allah ka zo. Kada ka aiko da saƙo, kada ka ce sai an ba ka hutu, zumunci a ƙafa yake. Kai ne babban ɗa, kai kaɗai Baffa zai ji nauyi ya miƙa wa mukullin nan. Lawan ya ce ranar da ka iso shi zai nemo mota mu mayar da Baba asibiti. Na ba Ƙasimu direba takardar nan hannu da hannu don kada ta kwana a gidan waya, ka tambaye shi, shi ma ya je dubiya an mayar da shi daga zaure. In Maulidi ya riga ka zuwa, ban san wanda za ka tarar ba.

Ka gaishe mini da Anti Safiyyah, da Haidar da Zainab, ka ce Gwaggonsu tana kewarsu. Lawan yana gaishe ka da kyau. Inna ta ce in gaishe ka, ta ce kuma in rubuta maka cewa kowa lafiya, na ce mata to. Ban sa gaisuwar Baba ba, don na gaya masa ta taga cewa zan rubuto maka, bai ce komai ba, ni kuma ba zan yi masa ƙarya ba.

Allah ya kawo ka lafiya, ya kawo ka da wuri.

Taka ƙanwa,
Zahra'u Muntaka